Lissafin William Miller da Ranar 22 ga Oktoba 1844: Tarihin Wani Tawili na Littafin Daniyel

A ranar Talata, 22 ga Oktoba 1844, wadda ta faɗo cikin watan Shawwal na shekarar 1260 bayan Hijira, dubban Kiristoci a arewa maso gabashin Amurka sun wuni a majami'u da gidaje da filaye suna jiran saukowar Almasihu daga sama. Wasu sun rufe kantunansu, wasu sun bar amfanin gona a tsaye ba su girbe ba, wasu sun biya basussukan da ke kansu suka raba abin da ya saura. Masana tarihi suna ƙiyasta adadinsu tsakanin dubu 50 zuwa dubu 100. Rana ta faɗi, dare ya raba, gari ya waye kamar yadda ya saba. A tarihin Kiristancin Amurka ana kiran wannan rana da sunan da ke nufin babban yankewar buri.

Abin da ya sa wannan waƙi'a ta cancanci nazari shi ne mutanen ba su dogara da mafarki ko da'awar wahayi ba. Sun dogara da nassi da lissafi, kuma ƙa'idar da suka yi lissafin da ita karɓaɓɓiya ce a wajen manyan malaman Furotesta na zamaninsu.

Ƙa'idar yini a madadin shekara

Littattafai biyu ne ginshiƙin maganar ƙarshen zamani a wajen Kiristoci: Littafin Daniyel a Tsohon Alkawari da Wahayin Yahaya a ƙarshen Sabon Alkawari. Dukkansu cike suke da dabbobi masu ƙahoni da ƙahonin busa da adadin kwanaki, irin su 1260 da 1290 da 1335 da 2300. Tun ƙarnonin farko ake ta ƙoƙarin warware su. Hifolitus na Rum, a farkon ƙarni na uku, ya lissafa cewa duniya za ta cika shekara 6000 wajen shekarar 500 Miladiyya. Agustin, limamin Hifo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yayyafa wa wannan zumuɗi ruwa da ya fassara mulkin shekara dubu da cewa zamanin Coci ne da ake ciki, kuma fahimtarsa ta yi rinjaye ƙarnoni da dama. Sai Yowakim na Fiyore, wani sufin Italiya da ya rasu a 1202, ya karanta kwana 1260 a matsayin shekara 1260, ya buɗe ƙofar da aka daɗe ba a rufe ba.

Hujjar wannan karatu wurare biyu ce. A Littafin Ƙidaya, sura 14, an hukunta Banu Isra'ila da shekara 40 a jeji gwargwadon kwana 40 da 'yan leƙen asirinsu suka yi. A Ezekiyel, sura 4, an umarci annabin ya kwanta wasu kwanaki, kowane yini a madadin shekara. Daga waɗannan wurare biyu na musamman aka ciro ƙa'ida ta gama-gari, aka shimfiɗa ta a kan kowane adadi na wahayi. Mai ilimin usulu zai ga raunin wannan ƙiyasi nan take, domin a wuraren biyu nassin da kansa ne ya faɗi musayar, alhali a Daniyel da Wahayin Yahaya bai faɗa ba. Duk da haka malaman Furotesta sun rungume ta, saboda ta ba su damar karanta wahayin a matsayin jadawalin tarihi daga Babila har zuwa zamaninsu, da Fafaroma a mazaunin maƙiyin Almasihu. Joseph Mede na Kambirij ya tsara ta a littafinsa na 1627, kuma Isaac Newton, wanda duniya ta sani da lissafi da kimiyya, ya bar littafi a kan Daniyel da Wahayin Yahaya da aka buga a 1733 bayan rasuwarsa. Da sojojin Faransa suka kama Fafaroma Pius na Shida a Fabrairun 1798, masu wannan mazhaba suka ƙirga baya shekara 1260 suka sami 538, suka ce ga cikar annabci a idon kowa. Daga nan hankali ya koma kan adadi mafi tsawo, wato 2300.

Manomin Low Hampton

An haifi William Miller a Pittsfield ta jihar Masacusets a 1782, ya tashi a Low Hampton ta jihar Niyok. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma mai yawan karance-karance ne. A ƙuruciyarsa ya bar aƙidar gidansu ta Baftis ya koma ra'ayin masu cewa akwai Mahalicci amma ba ya aiko wahayi, ba ya kuma sa hannu a al'amuran duniya. Yaƙin Amurka da Ingila na 1812 ya girgiza wannan ra'ayi. Yana kyaftin a yaƙin Plattsburgh na Satumbar 1814, inda Amurkawa suka yi nasara a kan rundunar da ta fi su yawa nesa ba kusa ba, abin da ya ɗauka ikon Allah ne bayyananne. A 1816 ya koma Coci.

Abokansa na dā suka ƙalubalance shi da saɓanin da ke cikin Baibul, shi kuwa ya ɗauki alkawarin warware shi da kansa. Ya ajiye littattafan sharhi gefe, ya riƙe fassarar Sarki Jemis da fihirisin kalmomi na Cruden, ya fara daga Farawa aya bayan aya. Ƙa'idarsa ita ce nassi ke fassara nassi. Bayan shekara biyu, a 1818, ya kai ga sakamakon da ya tsorata shi kansa.

Ga yadda lissafin yake. A sura ta 8 ta Daniyel an ambaci maraice da safiya 2300, bayansu a tsarkake wuri mai tsarki, amma ba a faɗi mafarin ƙirgen ba. A sura ta 9 an ambaci mako 70 da za su fara daga fitar umarnin sake gina Urushalima. Miller ya ɗauka cewa makonnin 70, wato shekara 490, yanki ne da aka gutsuro daga farkon 2300, saboda haka mafarinsu ɗaya. Umarnin kuwa ya ce shi ne wanda Artashate na Farko, sarkin Farisa, ya ba Ezra a shekara ta bakwai ta mulkinsa, wato 457 kafin Miladiyya. Shekara 490 daga nan ta kai shi 33 Miladiyya, shekarar da Kiristoci ke cewa an gicciye Almasihu, kuma wannan dacewa ce ta sa ya sakankance cewa ma'auninsa daidai ne. A ɗebe 457 daga 2300, saura 1843. Wuri mai tsarki kuma, a fahimtarsa, duniya ce da Coci, tsarkakewar kuwa da wuta ce a ranar dawowar Almasihu.

Kowace gaɓa ta wannan sarƙa zato ce da aka ɗora a kan zato. Mafi yawan masu sharhi na yau, da wasu na dā, suna ganin sura ta 8 tana magana ne a kan Antiyokus na Huɗu, sarkin Girkawan Sham, wanda ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a 167 kafin Miladiyya, aka sake keɓe shi a 164, kuma maraice da safiya ishara ce ga hadayun da ake yi sau biyu kullum. Akwai kuma matsalar fassara. Kalmar Ibraniyanci da fassarar Sarki Jemis ta mayar tsarkakewa daga tushen ṣ-d-ḳ take, ɗan'uwan tushen sidƙu na Larabci, ma'anarta ta fi kusa da a tabbatar wa abu gaskiyarsa ko a mayar masa da haƙƙinsa. Miller bai san Ibraniyanci ba. Fihirisinsa na kalmomin Ingilishi ne, don haka yana haɗa ayoyin da mai fassara ya haɗa, ko da asalinsu ya bambanta.

Shekara 13 ya yi yana riƙe da wannan sakamako bai hau mumbari da shi ba, yana ta bita ko zai gano kuskure. Sai a Agustan 1831 ya yi wa'azinsa na farko a Dresden, wani ƙaramin gari kusa da su. Baftis suka ba shi izinin wa'azi a 1833, ya buga laccocinsa a littafi a 1836. Da ya ci gaba da zama mai wa'azin ƙauyuka da bai haɗu da Joshua Himes ba a 1839. Himes limami ne a Boston, gogagge a gwagwarmayar hana bauta, kuma ya san sirrin maɗaba'a. Shi ya kafa jaridar Signs of the Times a 1840 da Midnight Cry a Niyok a 1842, ya shirya tarurrukan zango, ya sa aka ɗinka katafariyar hema mai ɗaukar dubban mutane, aka buga manyan zane-zanen dabbobin Daniyel da jerin shekaru a gefensu. Zamanin ma ya taimaka: ruwan taurarin Nuwambar 1833, karayar tattalin arziki ta 1837, da tauraro mai wutsiya na Maris 1843 da aka gani da rana tsaka.

Daular Usmaniyya a cikin lissafin

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi Musulmi kai tsaye. Masu sharhin Furotesta sun daɗe suna karanta sura ta 9 ta Wahayin Yahaya a matsayin tarihin Musulunci. Farin da suka fito bayan busa ƙaho na biyar, a wajen da yawansu, Larabawa ne, kuma wata biyar na azabarsu shekara 150 ce, daga 612 zuwa gina Bagadaza a 762. Mahayan da aka saki daga kogin Furatu bayan ƙaho na shida kuwa Turkawa ne. Ta wannan tabarau mai wa'azin Amurka na wancan zamani yake ganin Musulmi: bulala ce da aka aiko wa Cocin Gabas saboda ɓatanta, mai wa'adi ƙididdigagge.

Josiah Litch, limamin Metodis da ya bi Miller, ya sa wa wa'adin rana. Ya ɗauki 27 ga Yuli 1299, ranar da masanin tarihi Edward Gibbon ya ce Usman, kakan daular, ya fara kai wa Rumawa hari. Ya ƙara shekara 150 ya sami 1449. Sannan ya ɗauki sa'a da yini da wata da shekara da aka ambata a surar: shekara 360, wata 30, yini 1, jimla 391, sa'a kuma kashi ɗaya cikin 24 na shekara, wato kwana 15. A 1838 ya buga cewa ikon Usmaniyya zai faɗi a Agustan 1840, daga baya ya ayyana ranar 11 ga watan.

Sai aka yi katari daular tana cikin mawuyacin hali. Ibrahim Basha, ɗan Muhammad Ali na Masar, ya karya rundunarta a Nizib a Yunin 1839, Sultan Mahmud na Biyu ya rasu bayan 'yan kwanaki, jiragen yaƙinta suka koma Iskandariyya. A ranar 15 ga Yuli 1840 Ingila da Rasha da Ostiriya da Furushiya suka ƙulla yarjejeniyar Landan don tilasta wa Muhammad Ali ja da baya. Mabiya Miller suka kafa hujja da cewa manzon Sultan ya isa Iskandariyya da wannan sharaɗi a ranar 11 ga Agusta, suka ce daular da ta miƙa wuyanta ga kariyar sarakunan Turai ta riga ta faɗi. Labarin ya ƙara wa harkar kwarjini ƙwarai. Amma an sauya ma'anar faɗuwa ne bayan aukuwar abin don ta dace da shi. Sarautar Usmaniyya ta ci gaba har 1922, halifancinta har 1924. Ranar da Gibbon ya bayar ma masana na baya sun mayar da ita 1301 ko 1302. Litch da kansa ya janye wannan tawili a ƙarshen rayuwarsa, amma ya wanzu a littattafan magadan harkar.

Daga shekara zuwa rana

Miller bai so ayyana rana ba. Da aka matsa masa, ya ce tsakanin 21 ga Maris 1843 da 21 ga Maris 1844. Masu suka sun tunatar da shi abin da ke cikin Linjilar Matiyu, sura 24, da Markus, sura 13, cewa sanin ranar da sa'ar na Allah ne shi kaɗai. Amsar mabiyansa ita ce an hana sanin rana da sa'a, ba a hana sanin shekara ba. Moses Stuart na makarantar tauhidi ta Andover ya soki ƙa'idar yini da shekara daga tushenta a 1842. George Bush, farfesan Ibraniyanci a Jami'ar Niyok, ya rubuta wa Miller cewa ƙa'idarsa ta ƙirge tana da manyan magabata, kuskurensa yana cikin abin da yake tsammanin zai faru. Galibin malaman lokacin suna jiran zamanin shekara dubu na salama da zai zo ta hanyar wa'azi da gyaran al'umma kafin dawowar Almasihu, kuma wasunsu sun sa mafarinsa a shekarun da ba su yi nisa da na Miller ba. Wannan ne ya sa martaninsu bai yi kaifi ba.

Maris 1844 ya wuce. Miller ya amsa cewa ya yi kuskure, harkar ta yi sanyi. A Agusta, a taron zango na Exeter ta jihar Niyu Hamsha, wani mai suna Samuel Snow ya kawo gyara biyu. Na farko, babu shekarar sifili tsakanin ƙirgen kafin Miladiyya da na bayanta, don haka cikar shekara 2300 daga kakar 457 tana faɗawa a kakar 1844. Na biyu, tun da Kiristoci sun yi imani cewa Almasihu ya cika alamar Idin Ƙetarewa a ainihin ranarsa, to zai cika alamar Ranar Kafara a ranarta, wato goma ga wata na bakwai na kalandar Yahudawa, ranar da babban firist ke tsarkake Haikali. Yahudawa mabiya malaman Talmud sun yi wannan idi a ranar 23 ga Satumba a waccan shekara, amma Snow ya ce ƙirgen Ƙara'iyawa, masu riƙo da nassi kaɗai, shi ne sahihi, kuma a ganinsa ya faɗa 22 ga Oktoba. Ta haka hujjar da aka kare kai da ita, cewa shekara kawai aka sani, ta rushe a hannun masu ita. Saƙon ya bazu kamar wutar daji. Shugabannin suka yi ta ɗari-ɗari, Miller bai amince ba sai 6 ga Oktoba. Charles Fitch, wanda a 1843 ya kira mabiya su fice daga majami'unsu domin sun zama Babila, ya rasu da zazzaɓi a ranar 14 ga Oktoba bayan ya yi wa mutane baftisma a ruwan sanyi, iyalinsa suna sa ran ganinsa bayan kwana takwas.

Jaridun lokacin sun yayata cewa mutanen sun ɗinka fararen riguna sun hau rufin ɗakuna. Binciken da aka yi daga baya bai sami shaidar gani da ido da ke tabbatar da rigunan ba. Abin da ya tabbata shi ne kuka har asuba, da ba'ar maƙwabta, da farmakin 'yan tauri a kan wasu wuraren taro, da hunturun da ya riski waɗanda ba su yi tanadi ba.

A wannan shekara ta 1260 ce kuma, a watan Mayu, Sayyid Ali Muhammad ya yi da'awar Babiyya a Shiraz, shekara dubu cif bayan 260 da 'yan Shi'a Imamiyya ke cewa imaminsu na 12 ya ɓuya. Babu wata alaƙa tsakanin harkokin biyu a lokacin, sai daga baya Baha'iyawa suka riƙa kafa hujja da lissafin Miller.

Abin da aka yi da ranar

Da yawa sun koma majami'unsu na dā, wasu sun bar addini, wasu sun shiga ƙungiyar Shekas. Waɗanda suka saura sun rabu a kan tambaya ɗaya: ranar ce kuskure ko abin da aka jira? Miller da Himes da Litch, a taron Albany na Afrilun 1845, sun tsaya a kan cewa ranar ce, dawowar tana nan kusa. Daga wannan reshe Cocin Advent Christian ta fito a 1860, kuma ta hannun Nelson Barbour, wani tsohon mabiyin Miller, al'adar sa shekaru ta isa ga Charles Taze Russell, aka sami 1874 da 1914 da harkar da ta zama Shaidun Jehobah. Cocin Baftis ta Low Hampton ta kori Miller a 1845. Ya rasu a ranar 20 ga Disamba 1849, idonsa ya kusa rufewa, yana nan a kan jiransa. Faɗuwarsa ta zubar da darajar karatun wahayi a matsayin jadawalin tarihin da ya shuɗe, ta share fage ga mazhabar John Nelson Darby da ke tura cikar annabce-annabcen zuwa gaba, wadda Baibul mai sharhin Scofield na 1909 ya yaɗa a Amurka.

Ƙaramin reshe ne ya ce ranar daidai take. An ruwaito daga Hiram Edson, manomi a Port Gibson, cewa da safiyar 23 ga Oktoba yana ratsa gonar masara sai ya fahimci cewa wuri mai tsarkin na sama ne: a ranar Almasihu ya shiga sashe na biyu na Haikalin sama don fara aikin ƙarshe na kafara. O. R. L. Crosier ya rubuta wannan fahimta dalla-dalla a 1846, yana jingina da Littafin Firistoci da Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa. Wannan shi ne ainihin abin da Bush ya faɗa wa Miller, amma an juya shi ta fuskar da bai nufa ba, kuma an ɗauke cikar annabcin zuwa inda ido ba ya kaiwa balle ya ƙaryata. Aka haɗa wannan da kiyaye Asabar da Joseph Bates ya yi kira gare shi, da wahayoyin da Ellen Harmon, wadda ta zama Ellen White, ta ce ta fara gani a Disambar 1844 tana da shekara 17. A Mayun 1863, a Battle Creek ta jihar Mishigan, aka kafa Cocin Adventist mai kiyaye Asabar. Mabiyanta a yau sun haura miliyan 20. David Babcock ya kawo ta Nijeriya a 1914, ya zauna a Erunmu kusa da Ibadan, kuma sunansa ne jami'arsu ta Ilishan-Remo ke ɗauke da shi. A Arewa ta kafa tasha a Jengre ta jihar Filato a farkon shekarun 1930, inda asibitinta yake har yanzu.

Aƙidar cewa an fara shari'ar binciken ayyukan bayi a sama tun 1844 tana cikin ginshiƙan imanin wannan Coci, kuma ba ta daina jawo gardama a cikin gida ba. A 1979 Desmond Ford, malaminsu na tauhidi ɗan Ostareliya, ya bayyana a fili cewa Ibraniyancin sura ta 8 ta Daniyel da siyaƙinta ba sa ɗaukar wannan ma'ana. Aka ba shi lokaci ya rubuta hujjojinsa, ya kawo kundi mai shafi kusan dubu. A Agustan 1980 shugabanni da malaman Cocin sama da 100 suka zauna a Glacier View ta jihar Kolorado suka duba shi. Bayan zaman aka karɓe takardar limancinsa, limamai da dama a Ostareliya da Amurka suka bar aiki a shekarun da suka biyo baya, Cocin kuma ta ci gaba da koyar da 22 ga Oktoba 1844 yadda Edson da Crosier suka fassara ta.